Kaya Kaɗan, Tafiya Mai Nisa: Yadda Ake Zaɓen Kayan Doguwar Tafiyar Ƙasa

Gabatarwa

Doguwar tafiya a ƙafa ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Fatake sun yi ta takawa daga Kano zuwa Gwanja saro goro, alhazan da kuma sun keta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa kafin su ga Bahar Maliya. Sai dai su lalura ce ta sa su, kuma da yawansu suna da jakai ko 'yan alaro masu ɗaukar musu kaya. Tafiyar da za a yi magana a kanta a nan daban ce. Ita ce wadda mutum zai goya makwancinsa da abincinsa da ruwansa a cikin jaka guda, ya shiga daji ko ya hau duwatsu, ya yi kwanaki ko watanni yana tafiya, ba don fatauci ba, sai don sha'awa da motsa jiki da ganin ikon Allah.

Babban abokin gabar mai irin wannan tafiya shi ne nauyin da ke bayansa. Don haka wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake zaɓen kaya marasa nauyi, da abin da ya kamata a bari a gida, da kuma abin da barinsa ganganci ne. Za mu ɗauki misali da wata shahararriyar hanya a Amurka, domin a can ne aka fi gwada waɗannan dabaru, daga baya mu dubi abin da zai yi wa ɗalibi amfani a nan gida.

Hanyar Afalashiya

A gabashin Amurka akwai wata hanyar ƙafa da suke kira Appalachian Trail, wato hanyar duwatsun Afalashiya. An kammala share ta a 1937. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500, ta taso daga dutsen Springer a jihar Jojiya, ta ratsa jihohi 14, ta ƙare a dutsen Katahdin da ke jihar Maine. Don mai karatu ya gane nisan, ya fi a ce mutum ya tashi daga Legas ya je Maiduguri ya dawo. Masu son gama ta a tashi ɗaya sukan yi wata biyar zuwa bakwai, kuma an ƙiyasta takun da mutum zai yi ya kai miliyan 5. Dubban mutane ke ɗaura niyya kowace shekara, amma kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu ke kaiwa ƙarshe.

Kimanin kilomita 50 daga farkon hanyar, a wani wuri da ake kira Neel Gap, akwai kantin kayan tafiya da hanyar ta ratsa ta cikin gininsa. Matafiya kan iso nan bayan kwana uku ko huɗu, kafaɗa ta yi tsami, ƙafa ta yi bororo. Ma'aikatan kantin sun shahara da wani aiki guda: sai su sa mutum ya zazzage jakarsa a ƙasa, su bi kayan ɗaya bayan ɗaya suna tambayarsa amfanin kowanne, abin da ya kasa karewa a ɗaure shi a aika masa gida ta gidan waya. A ƙofar kantin kuma akwai wata bishiya da aka rataye ta da tsofaffin takalma. Abin lura shi ne, waɗannan mutane ba rashin kuɗi ko rashin kaya ne ya wahalar da su ba. Yawan kayan ne.

Tsohuwa da buhunta

Duk wanda ya yi nazarin wannan fanni sai ya ci karo da sunan Emma Gatewood. Mutuniyar jihar Ohayo ce, mai 'ya'ya 11. A 1954 ta fara gwada hanyar daga Maine, ta ɓata, tabaraunta ya fashe, ta koma gida. A 1955, tana da shekara 67, ta sake fitowa ta ɓangaren Jojiya, ta yi kwana 146 tana tafiya har ta hau Katahdin, ta zama mace ta farko da ta gama hanyar ita kaɗai a tashi ɗaya. Ba ta ɗauki tanti ba, ba ta ɗauki buhun barci ba. Abin da ta riƙa shi ne wani buhu da ta ɗinka da hannunta tana saɓa shi a kafaɗa, a ciki akwai bargo irin na soja, da labulen leda na banɗaki don kare ruwan sama, da 'yan tufafi da busasshen abinci. Takalminta kuwa kambas ne. In ta rasa rumfa sai ta tara ganye ta kwanta, in sanyi ya tsananta ta gasa faffaɗan duwatsu a wuta ta kwanta a kansu. Ta sake maimaita tafiyar a 1957.

Ba ana cewa kowa ya kwaikwayi wannan baiwar Allah ba ne, domin ta sha wuya ƙwarai, kuma ta girma a gona, ta san ganyen da ake ci da wanda ba a ci. Abin da labarinta ya nuna shi ne, abin da ke cikin kai yana rage abin da ke bisa baya. Wanda ya san yadda zai zaɓi wurin kwana da iska ba ta bugawa, ba ya buƙatar tanti mai kilo uku.

Wanda ya mayar da wannan tunani tsari shi ne Ray Jardine, wani injiniya kuma gwanin hawan duwatsu. Shi da matarsa sun taka wata hanyar ta yammacin Amurka, wadda ta tashi daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, fiye da sau ɗaya, kuma a shekarun 1990 ya rubuta littattafai yana kiran mutane su yar da tanti su riƙi tamfol, su cire manyan takalma su sa na gudu, su ɗinka kayansu da kansu. Da farko an ɗauke shi mai tsattsauran ra'ayi. Yau yawancin masu doguwar tafiya a Amurka wani ɓangare na shawararsa suke bi.

A fara da sikeli

Kafin a je kasuwa, sikeli ake nema. Hannu maƙaryaci ne a wajen auna kaya, domin kowane abu in aka ɗaga shi shi kaɗai ba ya da nauyi, sai an tara su jaka ta gagari ɗauka. A samu ƙaramin sikeli mai nuna giram, a auna komai, har cokali da buroshi, a rubuta a takarda.

Masana harkar sun raba nauyi gida biyu. Akwai nauyin da ba ya canzawa, wato jaka da makwanci da tufafi da tukunya da sauran tarkace, wanda yadda aka fita da shi haka za a dawo da shi. Akwai kuma mai raguwa, wato abinci da ruwa da man girki. A Amurka, in na farkon bai kai kilo 9 ba sai a ce mutum ya rage kaya, in bai kai kilo 4 da rabi ba a ce ya kai maƙura. Akwai kuma wata ƙa'ida da aka daɗe ana bi, cewa jaka da duk abin da ke cikinta kada ta wuce kashi 20 cikin ɗari na nauyin mai ita.

Bari mu yi lissafi. A ce ɗalibi yana da nauyin kilo 65. Iyakarsa ke nan kilo 13. In zai yi kwana huɗu kafin ya isa inda zai sake sayen abinci, kuma yana cin giram 800 a rana, abinci ya cinye kilo 3 da giram 200. Ruwa lita biyu kilo 2 ne cif, domin kowace lita kilo guda ce, kuma babu wata dabara da za ta rage wannan. Abin da ya rage masa bai kai kilo 8 ba, kuma a ciki ne zai sami jakar kanta da ɗaki da shimfiɗa da sutura. Wanda ya yi wannan lissafi a kan takarda ba zai sake tunanin ɗaukar wando uku ba.

Daga nan sai a kasa kayan kashi uku a kan tabarma: waɗanda za a yi amfani da su kullum, waɗanda ke ceton rai ko da ba a taɓa su ba, sai kuma na uku, waɗanda ni nake kira kayan “ko-da”. Ko da zan so in canza riga. Ko da wannan tocilar ta lalace. Ko da zan sami lokacin karanta littafi na biyu. A nawa ganin, rabin wahalar sabon matafiyi daga wannan kashi na uku take fitowa, kuma cire shi kyauta ne, ba a biyan ko kwabo.

Manyan kaya uku

Mutane da yawa sukan ɓata lokaci suna yanke mariƙin buroshi don rage giram 10, alhali suna goye da tanti mai kilo 3. Inda nauyi yake shi ne a abubuwa uku: ɗakin kwana, da kayan barci, da jakar goyo.

Ɗakin kwana dai ya danganta da wurin da za a je. A hanyar Afalashiya akwai rumfunan kwana fiye da 250, masu bango uku da rufi, amma ba a dogara da su, domin mutum kan iso ya tarar sun cika. Tantin mutum biyu irin na da yakan kai kilo 2 zuwa 3. Tamfol na nailan marar kauri, wanda za a ɗaure da igiya tsakanin bishiyu ko a tokare da sandar tafiya, bai fi rabin kilo ba. Sai dai tamfol yana buƙatar gwaninta. Dole mutum ya san ta ina iska ke zuwa, ya san inda ruwa zai bi in an yi sama, kuma ba ya hana sauro. A inda ƙwari suka yi yawa sai an haɗa shi da gidan sauro, in an haɗa kuma wani lokaci nauyinsu kan kusan kai na ƙaramin tantin mutum ɗaya. Akwai wani yadi na zamani da ake kira Dyneema, wanda ba ya shan ruwa kuma ya fi nailan rashin nauyi, amma tsadarsa ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, kuma bambancin 'yan giram ɗari ne.

Kayan barci biyu ne, mayafi da shimfiɗa, kuma shimfiɗar ce mutane suka fi rainawa. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi, don haka wanda ya kwanta a kan ƙasa mai sanyi ko ya lulluɓa da bargo uku sai ya kwana yana rawar ɗari. Siririyar katifar soso mai naɗewa, irin wadda ba ta shan ruwa, ita ce mafi araha, kuma ƙaya ba ta sace ta kamar yadda take sace ta hurawa. Shi kuwa buhun barci, ana cusa masa ɗayan abu biyu. Ko dai tattausan gashin agwagwa da dinya, wanda ya fi komai ɗumi in aka kwatanta da nauyinsa, amma da ya jiƙe ya tashi aiki, ko kuma zaren roba, wanda ya fi nauyi da cika jaka, amma ko ya jiƙe yana ɗan riƙe ɗumi, ga shi da araha. Wani abin da Jardine ya lura da shi shi ne, ɓangaren buhun da mutum ya danne da bayansa ba ya ba da ɗumi, tunda iskar da ke cikin gashin ce ke riƙe zafi, kuma an matse ta. Shi ya sa da yawa suka koma amfani da mayafi mai aljihun ƙafa, su bar wa katifa aikin ƙasa.

Jakar goyo ita ake saye a ƙarshe, ba a farko ba. Dalili kuwa, wanda ya fara sayen babbar jaka sai ya cika ta. A tara kayan tukuna, a ga girmansu, sannan a nemi jakar da za ta ɗauke su. Manyan jakunkuna na da sukan kai kilo 2 zuwa 3 tun ba a sa musu komai ba, na yanzu kuma akwai masu kilo guda. Amma a yi hattara a nan. Jakar da ba ta da ƙarfen baya ba ta jure kayan da suka wuce kilo 9 ko 10, sai ta lanƙwashe ta zuba nauyin duka a kafaɗa. Jaka ta ƙwarai ita ce mai ɗamara mai kauri, wadda za ta sauke mafi yawan nauyin a kan ƙugu. Wajen shiryawa, masu nauyi kamar abinci su zauna a tsakiya, manne da gadon baya. Kuma a fara shimfiɗa babbar leda mai kauri a ciki kafin a zuba kaya, don ta fi kowace irin rigar jaka hana ruwa shiga.

Takalmi da sutura

Wani bincike da aka yi a cibiyar sojojin Amurka a 1969 ya nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kusan ninki biyar na irinsa da ke baya, saboda ƙafa ana ɗaga ta ne a kowane taku. Wannan ne ya sa yawancin masu bin hanyar Afalashiya a yau suka bar manyan takalman fata suka koma na gudu masu ƙwarin ƙasa. Suna saurin bushewa, amma suna saurin mutuwa, don haka mutum kan kashe ƙafa huɗu ko biyar kafin ya gama. A sayi wanda ya ɗan fi ƙafa girma, domin ƙafa tana kumbura.

Game da tufafi, ƙa'idar gajeriya ce: na tafiya ɗaya, na barci ɗaya da ba a yarda ya jiƙe ko ta halin ƙaƙa, safa biyu ko uku, rigar sanyi, hular sanyi, da rigar ruwa. A guji auduga a wuri mai sanyi, domin tana shan gumi ta riƙe. Nailan da ulu sun fi. Irin waɗannan kuwa sun cika kasuwar gwanjo.

Guzuri da ruwa

Mai tafiya da kaya a kan duwatsu yini guda yakan ƙona kalori 4,000 ko fiye. Saboda haka abin da ake dubawa a abinci shi ne yawan ƙarfin da ke cikin kowane giram. Mai yana da kalori 9 a giram, sitaci da sukari kuwa 4 kacal, ruwa kuma ba shi da ko ɗaya sai nauyi. Giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, na garin kwaki kimanin 350, na dafaffiyar shinkafa kuwa 130 ne, don yawancinta ruwa ne. Abincin gwangwani da ɗanyen dankali da lemo ba na jakar goyo ba ne.

A wannan fanni ba mu da abin koyo a wurin kowa. Kilishi, ƙuli-ƙuli, dakuwa, dabino, soyayyar gyaɗa, garin kwaki da sukari da madarar gari, duk abinci ne busasshe mai ƙarfi da ba ya lalacewa da wuri, kuma ba ya buƙatar wuta. Wanda ya iya haƙura da abinci marar zafi ya huta da ɗaukar risho da mai. Wanda ba ya iya rabuwa da shayi kuwa, ƙaramar tukunyar alminiyom guda ta isa, ita ce kwano, ita ce kofi.

Ruwa ba a rage shi, ana dai rage nisan ɗaukarsa. Wato mutum ya san inda ƙorama ta gaba take kafin ya bar wadda yake, sai ya ɗebi abin da zai kai shi da ɗan ƙari. Gorar roba ta ruwan sayarwa ta fi ta ƙarfe sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma kada a sha ruwan rafi haka nan komai haskensa, a tace shi da ƙaramin matacin tafiya, ko a sa ƙwayar kulorin, ko a tafasa.

Inda ragewa ke zama ganganci

Hanyar Afalashiya ta bi ta kan dutsen Washington a jihar New Hampshire, mai tsawon mita 1,917, inda a 1934 aka auna iska mai gudun kilomita 372 a awa. A irin wannan wuri ƙanƙara na iya sauka ko a tsakiyar lokacin zafi. Ruwa yana janye zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, don haka mutumin da ya jiƙe, iska na bugunsa, ga yunwa, zai iya mutuwa da sanyi ko da ruwa bai daskare ba. Wanda ya bar rigar ruwa a gida don ya rage giram 300 ya yi mummunan ciniki.

Haka ma taswira da kamfas. A 2013 wata mata mai shekara 66 ta kauce daga hanya kaɗan a dajin Maine, ta kasa gane hanyar komawa. Ta yi ta ƙoƙarin aika saƙo ta waya amma babu sabis. Ta rayu kusan wata guda a tantinta, ba a ga gawarta ba sai a 2015. Waya tana da amfani, amma caji na ƙarewa, sabis na ɗaukewa. Taswirar takarda da kamfas da usur da ashana a cikin leda da tocilar goshi da 'yan magunguna, filasta da bandeji da gishiri da sukari na gudawa, duka ba su fi rabin kilo ba. Su ne kayan da ake ɗauka ana fatan kada a buɗe su. Kamfas ɗin ma sai an koyi aiki da shi tun a gida.

In an dawo gida

Wanda ke son gwada wannan a Nijeriya, babban abin hari shi ne Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mai mita 2,419, a gandun dajin Gashaka-Gumti da ke jihar Taraba, kan iyaka da Kamaru. Tafiyar kwanaki ce, an fi yin ta da rani, kuma sai da izinin hukumar gandun da ɗan rakiya. Lissafin Amurka ba zai zauna daidai a nan ba. A can mutum kan faɗa gari duk bayan kwana uku zuwa biyar ya cika jaka, ga rumfuna, ga farin fenti a jikin bishiyoyi yana nuna hanya. A nan dole guzuri ya fi yawa, ruwa ma haka saboda rana. Gidan sauro ya tashi daga kayan “ko-da” ya koma na ceton rai. Takalmi rufaffe da dogon wando sun zama dole saboda maciji da kaska. Kada kuma zafin gindin dutse ya ruɗi mutum, domin duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri 6, ga hunturu.

Abu ɗaya mai aiki da yawa shi ne abokin tafiya. Rawani ko zane guda zai yi inuwa, ya yi tawul, ya yi majanyin ɗaure targaɗe, ya tace laka daga ruwa kafin a sa magani. Katifar soso ta isa abin salla, gorar ruwa ta tsaya a matsayin buta, in ruwan ya zama na sha ne kawai kuma shari'a ta yi sauƙi da taimama. Tamfol kuwa, in aka sami yadin nailan, telan unguwa zai ɗinke shi ya sa masa madaukan igiya.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, a shirya jakar yadda za a fita da ita, har ruwa da abinci, a sa takalmin da za a sa, a taka kilomita 15 a ranar Asabar, a kwana a waje a ƙarƙashin tamfol ɗin. Washegari a zazzage ta a kan tabarma, a ware duk abin da hannu bai taɓa ba, ban da magunguna da rigar ruwa da taswira, sannan a sake ɗora ta a kan sikeli.